Bashin Mita Takwas

A garin Abala, can arewacin ƙasar Kurfai, inda kwarin Dallol Boso ya miƙe ya nufi iyakar Mali, an yi wani yaro ɗan shekara 16 da kowa ke kira Barewa. Sunansa na yanka yana nan, amma ko uwarsa ba ta faɗinsa, don ɗan fari ne. Wajen kiwo ya samo laƙabin. In akuya ta ɓalle ta nufi gonar mutane, ba a ɓata dutse wajen jifa, shi ake ƙwala wa kira.

Ran nan cikin ɗari, an gama girbi an zuba dammuna a rumbu, sabon mushen wasanni na kwalejin garin ya shirya tseren mita 100, don a zaɓi waɗanda za su je gasar ƴan lakwal a Filinge. Ya taka filin da ƙafa, taki ɗari, ya ja layi biyu da toka. Ya tsaya a ƙarshe da waya a hannu, wani ɗalibi ya busa usur. Iskar hunturu kuwa tana kaɗowa da ƙarfi, tana tura yaran ta baya har rigunansu na cika kamar buhu.

Barewa ya wuce kowa. Mushe ya dubi wayar, ya goge ta da hannun riga, ya sake duba. Daƙiƙa 10.8.

Kafin magariba labari ya gama gari. A kowace fada, samari na juya shayi suna cewa Abala ta haifi Bolt na Kurfai. Wani mai shago ya yi alkawarin sayo masa takalmin gudu daga Yamai. Mata a bakin rijiya suna taya uwarsa barka, ita kuma tana sunkuyar da kai kamar ba ɗanta ake nufi ba.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba: wan mahaifiyarsa. Kawun nan tsohon mushen wasanni ne. A Yamai ya koyi aikin, ya koyar a Doso da Tawa da Filinge, da ƙarfi ya fara ja baya ya dawo gida ya kafa rumfar hatsi a kasuwa. Abu biyu aka san shi da su, tiyarsa ta awo da wani tsohon kaye mai baƙin bango da ba ya barin kowa ya taɓa.

Barewa ya same shi yana ɗaure bakin buhu. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, kun ji labari?"

"Na ji. Mutum huɗu suka kawo mini shi, kowa da nasa gishiri. Wa ya auna filin?"

"Mushe."

"Da me?"

"Da ƙafa."

"Agogo fa?"

"Shi ya riƙe. Da waya."

"Iska fuskarka take bugu ko ƙeyarka?"

Yaro ya ɓata rai. "Kawu, gari duka na murna, ku kuma kuna ta tambaya kamar jandarma."

Tsoho ya yi murmushi. "Ka dawo bayan isha'i. Ka taho da gawayi."

Da dare, shayi na tafasa, Kawu ya ɗauko kayen nan ya ɗora a gwiwa.

"Ɗana, ka san abin da ya raba gudu da kokowa? Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wanda ya sha ƙasa dubban idanu ne ke shaidarsa. Gudu kuwa, ido bai isa shaida ba. Maza takwas su iso layi kamar igiya ɗaya ta jawo su, wa zai rantse? Shi ya sa wannan kayen, in ka duba da kyau, rabinsa labarin ƙafafu ne, rabinsa labarin awo."

Ya buɗe shafin farko, wanda ya kwafa tun yana ɗalibi. "Atina, 1896, wasannin Olamfik na farko na wannan zamani. Wani Ba'amurke, Thomas Burke, ya durƙusa ya dafa ƙasa da hannu, yawancin abokan takararsa na tsaye suna mamakin abin da yake yi. Shi ya ci mita 100, a daƙiƙa 12 cif."

Barewa ya fashe da dariya. "Sha biyu? Ai da ina wurin, da na juyo na jira shi."

"Adana wannan dariyar," in ji Kawu. "Za ka neme ta."

Ya juya shafi. "Berlin, 1936. Jesse Owens, baƙar fata, jikan bayi, ɗan manomin auduga daga Alabama. Ya kwashe zinariya huɗu a ƙasar Hitler, mutumin da ke cewa irinsu ba cikakkun mutane ba ne. Mita 100 ya yi ta a 10.3. A lokacin ba ƙarfen da ake dogara ƙafa a tashi. Kowa da ɗan ceburinsa yake zuwa, ya tona ramuka biyu kamar mai shirin shuka, ya dasa ƙafafunsa ciki. Agogo kuma a hannun mutane yake, kamar na mushenku."

"To, ashe ba laifi."

"Saurara. A 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴanci, wani Bajamushe, Armin Hary, ya yi gudu a Zurik, alƙalai suka duba agogunansu suka ce 10.0, mutum na farko a duniya. Amma akwai na'urar lantarki a gefen fili, ita kuma ta ce 10.25. Rubu'in daƙiƙa, a gudun irin waɗannan maza, ya fi mita biyu. Alƙalan ba maƙaryata ba ne. Yatsa ne: yana nawa wajen dannawa a farko, yana gaggawa a ƙarshe, balle in zuciya na son mai gudun. Sai a 1968, a birnin Meziko, Jim Hines ya yi 9.95 da shaidar na'ura, a tseren ƙarshe da duk mutum takwas ɗin baƙaƙe ne. Daga 1977 aka ce duk bajintar da yatsa ya auna a gajeren tsere ba ta shiga littafin duniya."

Ya zuba shayi, ya miƙa wa yaron.

"Iska ma an kafa mata ma'auni. In tana tura ka da ƙarfin da ya wuce mita biyu a daƙiƙa, ka ci tseren dai, amma lambarka ba ta zama bajinta. A 1996, Obadele Thompson, ɗan tsibirin Barbados, ya yi 9.69 a Amurka, saurin da ba a taɓa gani ba. Aka duba ma'aunin iska, aka ce masa sannu da aiki, amma da taimako ka zo."

Barewa ya kurɓi shayi, bai ji zaƙinsa ba.

Da asuba, bayan an fito masallaci, Kawu ya aro mitar magina mai tsawon mita 20, suka nufi filin su biyu. Tokar jiya na nan. Yaro ya riƙe baki ɗaya, tsoho ya ja ɗayan. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu. A ja na biyar, mita 12 suka tarar da layi. Suka sake daga farko, haka dai. Mushe gajere ne, takinsa bai cika mita ba. Filin mita 92 ne.

Kawu ya naɗe mitar a hankali. "Ni ban ga komai ba. Ba ni aka yi wa kirari ba, ba ni za a sayo wa takalmi ba. Mita takwas ɗin nan bashi ne a wuyanka. Ka ga dama ka binne shi nan, ka ga dama ka biya."

Kwana uku Barewa na yawo da maganar a ciki. In an kira shi Bolt ya amsa, amma sai ya ji kamar ya sa rigar aro. Da dare yana lallashin kansa: ai ba ni na taka filin ba, ba ni na danna waya ba, ba ni na aiko iska ba. Ni gudu na yi, kuma na riga kowa. Ina laifina?

Ranar kasuwa ta zo, yana taya Kawu zaman rumfa, sai hayaniya ta tashi a layin masu hatsi. Wata tsohuwa da ta sayar da akuyarta ta sayi gero tiya goma, ta ɗaga buhun ta ce nauyinsa bai yi mata ba. Mai hatsi na rantsuwa, ita tana kuka, mutane suka kewaye. Can wani ya ce, "A kawo tiyar tsohon Mushe." Ba wanda ya musa. Barewa ne ya kai ta da gudu.

Aka juye geron aka sake awo. Tiya tara da ɗan abin da bai cika tafi biyu ba. Sarkin kasuwa ya karɓi tiyar mai hatsin ya kifa ta, sai ga gindinta a lotse, an buga shi ya shige ciki.

"Wallahi ba ni na lotsa ta ba," in ji mutumin. "Haka na saye ta."

Sarkin kasuwa ya dube shi. "Na yarda ba kai ka lotsa ta ba. Amma tun yaushe ka sani?"

Mutumin ya yi shiru. Barewa ma, da ke tsaye da tiyar Kawu a hannu, ya ji kamar shi aka tambaya.

Daren nan ba a aike shi gawayi ba, da kansa ya kawo.

"Kawu, a cikin kayenku akwai wanda ya ci da guntun fili?"

"Can fili ba ya guntu. Da aka tsare fili, aka tsare agogo, aka tsare iska, sai masu son banza suka koma lotsa tiyar da ke cikin jiki." Ya lalubo wani shafi. Akwai suna guda da aka soke da jan biro. "Daga 1983, da aka fara gasar duniya ta guje-guje a Helsinki, da kunnena nake kamawa a rediyo ina rubutawa. Carl Lewis ya ci ta farko. Sai ga wani ɗan Kanada haifaffen Jamaika, Ben Johnson, mai ƙirji kamar bijimin Azawak na Tukunus. Ranar 24 ga Satumba 1988, a Seul, ya yi 9.79, ya ɗaga yatsa sama tun bai kai layi ba. Na rubuta sunansa hannuna na rawa. Kwana uku aka yi. Likitoci suka sami maganin ƙara ƙarfi a fitsarinsa, aka karɓe zinariyar aka ba Lewis, wanda ya yi 9.92. Daga baya ya amsa da bakinsa a gaban kwamitin bincike cewa ya daɗe yana sha, sai aka haɗa da kambun duniya da ya ci a Rum a 1987 aka share. Kwana uku na kirari, sauran rayuwa ana nuna shi da baki."

"Amma shi da saninsa ya sha," in ji Barewa da sauri. "Wanda ba shi ya yi ba fa?"

Kawu ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya juya shafuka.

"Ga wanda aka laƙaba maka sunansa. Ranar 16 ga Agusta 2009, a filin nan na Berlin da Owens ya tona ramukansa, Usain Bolt ya yi 9.58. Bayan kwana huɗu ya yi mita 200 a 19.19. An duba iska, an duba jiki, komai ya cika. Shekara biyu bayan haka, a Daegu ta Koriya ta Kudu, ya zabura kafin bindiga ta tashi. Doka ta ce kuskure ɗaya, waje. Duniya ta taru don ta gan shi, amma aka fitar da shi, ya tuɓe riga ya bar fili, abokin horonsa Yohan Blake ya ci."

"Har shi?"

"Awo bai san sarki ba. Amma ba wannan nake so ka ji ba. A 2008, a Bejin, shi da ƴan ƙasarsa uku sun ci zinariya a tseren miƙa sanda. Aka ajiye samfurin gwajinsu shekaru, ilimi ya ƙaru, aka sake dubawa, aka sami haramtaccen magani a na ɗayansu, Nesta Carter. A 2017 aka ce duk su huɗun su maido. Bolt bai sha komai ba. Ba shi ya lotsa tiyar ba. Amma da ita aka auna masa, sai ya ɗauko zinariyar ya mayar. Tara yake da su, suka koma takwas, kuma takwas ɗin nan ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa a kansu."

Garwashi ya fara mutuwa. Yaro ya tona shi da tsinke, ya ce a hankali, "Mu fa, Kawu? Namu na ciki?"

"Suna ciki. Abdoulaye Seye, ɗan Senegal, ya ci tagulla a mita 200 a Rum a 1960, amma da rigar Faransa. Frankie Fredericks na Namibiya ya kwashi azurfa huɗu a Olamfik biyu, 1992 da 1996, ya ci kambun duniya na mita 200 a 1993. Maƙwabtanmu ƴan Najeriya sun ci azurfa a miƙa sanda a Basalona a 1992, kuma Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha a 2006, lambar da ta yi shekara 15 ba ɗan Afirkan da ya karya ta. Ga na baya-bayan nan, Letsile Tebogo na Botswana, zinariyar mita 200 a Paris a 2024, da 19.46. A can Paris ɗin, a mita 100, mutum biyu suka yi 9.79, sai hoto ya raba su da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa. Kai kuma kana rainon mita takwas."

Ya buɗe shafin ƙarshe. A samansa an rubuta Nijar, ƙasansa fari fat.

"Lambobinmu na Olamfik biyu ne, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a taekwondo a 2016. Na mazan gudu, ga shi ka gani. Shekara da shekaru nake ajiye da wannan shafin. Ba zan buɗe shi da lambar da aka auna da lotsattsiyar tiya ba, ko da ta ɗan ƙanwata ce."

Washegari Barewa ya tari Mushe a ƙofar aji, ya faɗa masa komai. Fuskar Mushe ta canja. Ya ce, "Wa ya aike ka auna mini fili?" Ya shige aji. Amma da yamma sai ga shi a rumfar hatsi, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na yi gaggawa. Ku taimake ni mu gyara."

"Tashi, Mushe. Ni ma na taɓa taka fili da ƙafa. Wanda bai taɓa kuskuren awo ba, bai taɓa awo ba."

Aka ja mita sau biyar cif, aka zuba sabuwar toka. Aka jira har la'asar sakaliya da iska ta kwanta. Mutum uku suka riƙe agogo, Kawu ya ce in sun saɓa a ɗauki na tsakiya, don haka ƙa'idar awon hannu take. Rabin gari ya fito kallon Bolt na Kurfai.

Barewa ya zo na ɗaya, amma da ƙyar, don wani siririn yaro daga sansanin ƴan gudun hijirar Mali na bin diddigensa har layi. Mita takwas ɗin ƙarshe kuwa sai da ya ji su a cinya kamar yana hawan tudun rairayi. Aka haɗa agoguna. Daƙiƙa 12.1.

Samarin fada suka bushe da dariya. Wani ya ce barewa ta koma tunkiya. Mai shago ya tuna yana da uzuri, maganar takalmi ta bi iskar hunturu. Yaro ya koma gefe ya zauna, ya kifa kai a gwiwa.

Kawu ya zo ya tsaya a kansa. "Goma sha biyu da ɗigo ɗaya. Thomas Burke ya riga ka da taki guda. Ina dariyar da na ce ka adana?"

Barewa ya ɗago, ido jawur, ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa tare da hawaye.

"Duniya ta yi shekara 113 tana tafiya daga 12.0 ta Burke zuwa 9.58 ta Bolt," in ji tsohon, "kai kana so ka tsallake da yamma ɗaya. Yau dai ka san inda kake tsaye. Wanda ya san inda yake tsaye shi ke iya sanin ya matsa."

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba, kafin a saki awaki, ana ganin su uku a filin: tsoho da agogo, Barewa, da siririn yaron nan na sansani. Kawu ya koya musu durƙuson tashi, da jiran usur ba tare da sata ba, da yadda ake kai ƙirji layi, don ƙirji ake aunawa, kai da hannu ba sa cikin lissafi. Lamba ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan, kamar ruwan randa.

A Filinge akwai waɗanda suka zo da manyan lambobi daga garuruwansu, aka ja mita ta gaskiya, lambobin suka narke a gaban jama'a. Barewa ya zo na uku da 11.8. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi guɗa ba. Da ya dawo, ya tarar da Kawu a rumfa, ya durƙusa ya faɗa masa.

"Wa ya auna filin?"

"Da mita aka auna, Kawu. Na tsaya na gani."

"Iska fa?"

"Fuskata take bugu."

Tsoho ya goge hannunsa daga ƙurar gero, ya ɗauko kayen, ya buɗe farin shafin nan. Da biron da ya rubuta Tebogo ya rubuta sunan yaron na yanka, ya sa 11.8 a gabansa.

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Sai dai ba duk ƙarya ce mutum ke shukawa da hannunsa ba. Wata kawo masa ita ake yi har gida, da kirari da alkawarin takalmi. Ranar da bai sani ba, ba shi da laifi. Daga ranar da ya sani, bashi ya hau kansa. Yabon da aka auna maka da lotsattsiyar tiya, ko ba kai ka lotsa ta ba, ka maido shi da hannunka tun ba a aiko karɓa ba. Ɗan abin da ya rage maka bayan nan, komai ƙanƙantarsa, shi ne naka, kuma a kansa ake ɗora gini.